Filin da Ba Na Kowa Ba

An yi wani ciyaman da ya tara mutanen Unguwar Tsamiya, inda gidaje suka cushe, ya ce, "Ku nemo filin da ba na kowa ba, in gina muku sakandare. In babu, na kai ta wata unguwa."

Tabawa mai waina ta miƙe. "Ranka ya daɗe, akwai katangaggen fili bayan kasuwa. Magulmata na cewa naka ne, wai ƙwacewa ka yi."

"Ƙarya ne! Wallahi ba nawa ba ne!"

"Ka san mai shi?"

"Ina zan sani?"

"Mu ma mun bi gida-gida, babu mai shi. Jama'a, kun dai ji rantsuwa."

Ciyaman ya share gumi. Da hannunsa ya aza harsashin ginin, yana ta yaƙe.