Mai Liƙin Roba da Kuɓewar Matarsa

Akwai wani mutum a cikin wani babban birni, sana'arsa liƙin roba. In bokiti ya tsage, ko bahon wanki ya fara yoyo, shi ake kira. Yana da ɗan kurfoti na gawayi da wata tsohuwar wuƙa marar ƙota. Sai ya sa wuƙar a wuta ta yi ja, ya yanko guntun roba ya narka a kan tsagar, ya shafe. Shekara talatin yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da bokiti an ce ya sake yoyo ba. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya faɗa da kowa, ranar Lahadi kuma tun kafin a buga ƙararrawa yana zaune a majami'a. Abu ɗaya ne dai, idonsa ba ya ƙaunar ganin huji.

Yana zaune a wani gidan haya mai bene, ɗakinsa a sama. Gidan siminti ne zalla, babu itace ko ɗaya, ko ciyawa ba ta fitowa a tsakar gidan. Da bazara in ka jingina da bango sai ka zabura. A ƙofar gidan akwai kwata wadda ta toshe da gorunan ruwa da ledoji da fasassun jarkokin mai, kowa yana tsallakewa yana toshe hanci, ba wanda ya ce aikinsa ne.

A ɗakin da ke ƙarƙashin nasa daidai akwai wata tsohuwa gwauruwa, wadda ta girma a gona. Kowa a gidan Mama yake ce mata. Wata rana ta gaji da kallon siminti. Ta ɗaura zane, ta shiga kwatar nan ta tsamo jarkoki da goruna, ta wanke su da toka. Ta yanke kowace jarka biyu. Ta ɗora ƙusa a wuta, ta huda gindin kowace sau biyar. Ta zuba tsakuwa a ƙasa, ta cika da ƙasa mai haɗe da kashin awaki, ta shuka alayyafo da yakuwa da barkono, ta jera a bakin ƙofarta.

Matan gidan suka yi ta dariya, suna cewa Mama ta koma 'yar bola da tsufanta. Ba ta kula su ba. Bayan sati huɗu masu dariyar nan suka fara zuwa da kwano, a ɗan tsinko musu na miya. Kafin wata biyu kowa ya koya. Aka rataye jarkoki a ƙarfen baranda, aka ɗaure goruna a jikin bango da igiya, har yara suka riƙa rigima a kan gorar lemo. Kwata ta buɗe, ruwa ya wuce. Gidan da yake kamar tanda ya yi kore daga sama har ƙasa, ɗakuna suka yi sanyi, masu wucewa suna tsayawa kallo.

To, mai liƙin nan matarsa ta rasu shekara biyu kafin wannan. A cikin kayanta ya tarar da wani ɗan ƙulli a tsumma, irin kuɓewa ne na gidan uwarta a ƙauye, gajera mai kauri, mai yauƙi, wadda ba a sayar da irinta a kasuwar birni. Uwar ta riga ta rasu, gidan ya rushe, ba mai noma ta kuma. Abin da ya rage a duniya na wannan kuɓewa shi ne abin da ke cikin tsumman nan. Ya sauko ya nuna wa tsohuwar.

Ta juya ƙwayoyin a tafin hannunta, ta ce, "Shuka su duka bana. Iri ba ya son dogon ajiya, in ka ƙara shekara ba za su fito ba. In suka yi 'ya'ya ka bar na farko su bushe a jiki, ka sami na baɗi."

Ya kawo jarkoki shida, ta yanke masa. Da ta ɗauko ƙusa mai zafi sai ya ɓata fuska.

"Mama, me ya sa kike ɓata jarka mai kyau?"

"Ɗauka ka hau, Mai Liƙi. Kai da toshe huji kake cin abinci, ni da buɗe shi. Kowa ya tsaya a gonarsa."

Ya hau da su, ya rataye a ƙarfen barandarsa, ya shuka. Goma sha ɗaya suka fito. Kullum da safe yakan sauka famfon bakin titi ya ciko jarka, ya hau matakala da ita yana hutawa a tsakiya, gama shi ma ba yaro ba ne. Yana ba su ruwa yana yi musu magana kamar yadda yake yi wa mai tsumman a da. In ƙasar ta sha ta ƙoshi, sauran ruwan sai ya bi hujin nan ya ɗiga ƙasa, tif, tif, a kan alayyafon tsohuwar. Alayyafon ya yi ganye kamar tafin hannu.

Wata safiya tana zaune a bakin ƙofa, mata suna wanki a tsakar gida, sai ta ɗaga kai ta ce, "Mai Liƙi, sannu da aiki. Kai ke hawa da jarka, alayyafona ke ƙiba. Allah ya ƙara wa gwiwarka lafiya."

Wata daga cikin masu wankin ta ce, "Ai Mama ta yi sa'ar mai ga-ruwa, ko sallamarsa ba ta yi."

Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya da baki, amma maganar ta zauna masa a ciki. Godiya tsohuwar ta yi, shi kuwa ya ji ba'a. Daga ranar, duk ɗigon da ya faɗa ƙasa sai ya ji kamar daga jikinsa aka zare shi. Ya ce a zuciyarsa, ni ke wahala, wani ke ci, kuma a yi mini dariya a kai.

Ran Asabar da hantsi ya hura kurfotinsa, ya sa wuƙa a wuta. Ya bi jarkokin nan ɗaya bayan ɗaya ya liƙe kowane huji. Kun san gwani ne. Ya yi aiki mai kyau, ko zufa ba ta fita.

Kwanakin farko ya ji daɗi. Ƙasar tana daɗewa a jiƙe, hawan matakala ya ragu. A ƙasa kuwa alayyafon tsohuwar ya fara yaushi, ta koma ɗebo ruwa da ɗan bokitinta tana ɗingishi. Ta gane abin da ya yi. Kuɓewa ta kai gwiwa, ta fara ƙullin fure.

Sai damina ta sauka. Aka yi kwana uku ana ruwa. Na kowa ruwan ya shiga ta sama ya fita ta ƙasa. Nasa ya shiga ya zauna. Ganyen ya fara rawaya, ya sunkuyar da kai. Abin da bai sani ba, shukar da ruwa ya yi wa yawa da wadda ƙishirwa ta kama, iri ɗaya suke langaɓewa. Da ya ga haka sai ya ce ƙishirwa ce, ya sauka ya ciko jarka ya ƙara musu.

Tsohuwar ta gan shi yana hawa da ruwa alhali ƙasa ko bushewa ba ta yi ba. Ta kasa yin shiru.

"Ɗan nan, ba ƙishirwa suke ji ba, nutsewa suke yi. Ka huda jarkokin nan yau."

"Don ruwana ya koma wa alayyafonki?"

"Alayyafona yana shan na sama yanzu, bai nemi naka ba. Wanda ya zubo shi kuma bai ce ka tsare masa ba."

"Mama, shekarata talatin a kan roba. Ban taɓa ganin abin da huji ya gyara ba."

"Bokiti ka sani. Wannan abin mai numfashi ne."

Ya wuce ya hau. Da a ce wani ne ya faɗa masa, wataƙila da ya ji. Amma daga bakin wadda za ta amfana maganar ta fito, don haka ya ƙi.

Bayan sati guda ya fito baranda da safe, wani wari ya tare shi. Furannin sun zube ba su buɗe ba. Ya kama kuɓewa ɗaya don ya miƙar da ita, sai ta biyo hannunsa ba gardama. Saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar tuwon da ya kwana uku. Nan ya gane. Ya hura wuta, ya nemo ƙusa, ya huda, ya huda, ya huda. Baƙin ruwa mai ɗoyi ya tsiyaya ƙasa. Amma ya makara. Goma sha ɗayan nan duka suka mutu, ko ɗiya ɗaya ba su yi ba.

Ya sauko da karan a hannunsa ya tsaya a ƙofar tsohuwar. Ta turo masa kujera da ƙafa.

"Mama, in na canja musu ƙasa, ba za su tashi ba?"

"Ba za su tashi ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya. Zauna ka sha kunu."

Ya zauna, ya kasa sha. Babban mutum ya rufe fuska da hularsa ya yi kuka a tsakar gida, matan da suka yi dariya suka shige ɗaki. Daga baya ya bi kasuwanni, ya bi tasha yana tambayar masu zuwa daga wajen ƙauyen matarsa. Kowa ya ce ya san kuɓewar, an daɗe ba a gan ta ba. Tsohuwar ta ba shi irin alayyafo, ya shuka a jarkokin nan, ya bar su suna ɗiga yadda suka ga dama. Alayyafon ya yi kyau. Amma alayyafo ne.

Jikokina, ma'anar wannan misali ita ce, mu ne jarkokin nan. A kwata Ubangiji ya same mu, ba mu da wani amfani, ya tsamo mu ya wanke, ya sa abu mai rai a cikinmu. Kuma da gangan ya huda mu. Ba kuskure ya yi ba. Ya yi mu ne yadda alherin da ya zuba mana zai ratsa ya wuce ga wanda yake ƙarƙashinmu. Lafiya ce, ko abinci, ko sana'ar hannu, ko gafarar da aka yi mana, ba a ba mu don su kwanta a ciki ba.

Ku duba da kyau, mutumin nan bai yi asarar kome ba lokacin da ruwan yake ɗiga. Kuɓewarsa ta riga ta sha ta ƙoshi, ragowar ce take sauka. Ba rashi ne ya dame shi ba. Ganin ganyen wani ya yi faɗi ne, da 'yar dariyar da aka yi a wurin wanki. A kan wannan ya hura wuta. Haka muke. Wata ta iya ɗinki, ba za ta nuna wa 'yar maƙwabciya ba don kada ta fi ta. Wani an faɗa masa magana ɗaya a wurin biki, ya rufe ƙofarsa ga ɗan'uwansa har yau. Ku ma ƙanana kada ku yi mini fuskar salihai, na ga mai rufe littafinsa da hannu don kada na kusa ya koya.

Abin da ya fi ba ni tausayi kuma, da ganyen ya fara rawaya ƙara ruwa ya yi. Akwai masu zuwa sujada kullum, suna jin wa'azi, suna waƙa da ƙarfi, ana ta zuba musu ta sama, amma ƙasan a liƙe yake. Suna mamakin abin da ya sa gidansu yake yaushi. Ba ƙari suke bukata ba. Ƙusa suke bukata, ƙusa kuwa da zafi take shiga. Sau da yawa wanda zai faɗa maka gaskiyar shi ne wanda ka liƙe dominsa, shi ya sa ba ka son ji.

Ba zan yi muku ƙarya in ce kome yakan gyaru ba. Ni ma na taɓa liƙewa ga ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, a kan maganar da yanzu ko tuna yadda ta fara ba na yi. Na ce sai ita ta fara zuwa. Shekara shida ina jira. Wanda ya zo ƙarshe mai kawo labarin rasuwarta ne. Na roƙi Ubangiji, na kuma gaskata ya gafarta mini, gama shi ba ya ƙin mai tuba. Ya ba ni waɗansu mutane masu ƙaunata, ina godiya. Amma ba wadda take kirana da sunan da ita take kirana.

Don haka in kun tashi daga nan, kowa ya duba wanda yake ƙarƙashinsa wanda ya daina ɗiga wa. Kada ku ce sai Lahadi mai zuwa. Saiwa a ɓoye take ruɓewa, ranar da wari ya fito an riga an gama. Wanda Allah ya ba kunne, ya je ya huda tun ganyen yana kore.