Wa Zai Riƙi Ɗan Saude?

Ku gyara zama, yau na kawo muku maganar da ni kaina na kasa yanke mata hukunci.

A wani ƙauye na bakin gulbi an yi wata mata, Saude, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ciki. Ana tsakiyar damina, ruwa ya cinye hanya, naƙuda ta kama ta ba lokacinta ba. Ta haifi ɗa namiji, bakwaini, ita kuma jini ya ƙi tsayawa. Unguwarzoma ta ce wa yayyenta uku sanyi zai kashe yaron in ba a ɗumama shi ba. Akwai akwatin ɗumama jarirai a ɗakin shan maganin garin, akwai baturan sola, amma wayar da ke ba da zafin ta ƙone.

Ɗaya daga cikin yayyen, Lawwali masunci, ya tuna da wayar da ake ɗumama 'yan tsaki da ita a wata gona da ke ƙetare. Masu kwalekwale suka ƙi shiga ruwan. Ya tuɓe riga ya faɗa, ya dawo da naɗin waya ɗaure a ka, itace ya tsaga masa ƙafa.

Ɗan'uwansa Tukur, mai gyaran rediyo, ya warware kamu ɗaya na wayar ya jona da batir, ya sa mitarsa ta awon wutar lantarki. Ta nuna bolt ashirin da huɗu, amfiya takwas. Ya ga tana zafi, ya ce a sa yaro kawai.

Babbarsu Sa'adatu, malamar makaranta, ta riƙe masa hannu. Ta durƙusa ta zana lissafi a ƙasa da tsinke. Ta raba bolt da amfiya, turjiyar wayar ta fito om uku. Ta ninka bolt da amfiya, ƙarfin wutar ya fito wat ɗari da casa'in da biyu, alhali wat arba'in da takwas aka rubuta a jikin akwatin.

"Wannan gasa shi za ta yi, Tukur," in ji ta. "Amfiya biyu muke so, om goma sha biyu ke nan. Ka sa kamu huɗu."

Tana cikin sake duba lissafin aka zo aka ce Saude tana kiran Yaya Sa'adatu. Ta ce ga ta nan zuwa. Tukur ya naɗa wayar a jikin fasasshen tulu, a hankali, ba inda zagaye ya taɓa ɗan'uwansa, ya saka shi a akwatin. Mita ta nuna biyu cif, akwati ya yi ɗumi, jikin yaro ya fara ja.

Sa'adatu ta ruga ɗakin Saude da albishir a bakinta, ta tarar an ja wa Saude zane har ka. Ta zauna a ƙasa, ba ta ma iya kuka ba. Har ta tsufa ba ta daina tambayar kanta abin da ƙanwarta ta so faɗa mata ba.

Saƙo ɗaya Saude ta bar wa unguwarzoma: a ba da riƙon ɗanta ga wanda ya raya shi. Ranar suna kowannensu ya miƙa hannu, don yaron ne kaɗai abin da ya rage musu na ƙanwarsu.

To jama'a, tsakanin wanda ya ƙetare ruwa, da wanda ya auna ya naɗa, da wadda ta yi lissafi, wa za a miƙa wa ɗan Saude?