Allurar Gwaji da Ƙurajen Hidaya

A gidanmu na unguwar Nima akwai wata mata, Hamdia, mai sayar da wake da shinkafa. Tana da kirki, amma ba ta jiran a gama magana. Kana fara bayani za ta ce ta gane. A lokacin gidan ya yi daɗi. Hamdia da aminiyarta Sadia ƙofa da ƙofa suke, yaransu a kwano ɗaya suke ci, kowace tana goya na ɗayar. Har yau ina kewar wannan zaman.

Wata shekara aka zo gwajin allurar rigakafin ciwon nan mai fitar wa yara ƙuraje a baki da hannu da ƙafa. Hamdia ta kai 'yarta Hidaya. Ma'aikaciyar jinya ta bayyana cewa gwaji ne: rabin yaran za su sami sabuwar allurar, rabi wata daban, kuma ba a sanar da kowa wadda aka yi wa ɗansa. In yaro ya yi zazzaɓi ko ƙuraje, a raba shi da sauran yara, a kawo shi. Hamdia tana ta gyaɗa kai, hankalinta yana kan tukunyar da ta bari a wuta.

Bayan 'yan watanni jikin Hidaya ya yi zafi, bakinta ya yi ƙuraje. Sadia ta ce a mayar da ita asibiti.

"Haba Sadia, haƙori ne," in ji Hamdia. "Yarinya ta sha allura, wane ciwo kuma?"

Ta bar ta a ɗakin Sadia tare da Fu'ad, jaririn Sadia, ta tafi sana'a. Hidaya ta warke da wuri, amma Fu'ad ya kamu. Ya ƙi nono, jikinsa ya bushe, sai da aka kwantar da shi ana ƙara masa ruwa. Allah ya tashi kafaɗunsa, da ƙyar.

Sadia ba ta yi faɗa ba. Ta kwashe kayanta ta koma unguwar Maamobi. Ran tafiyar Hamdia ta miƙa hannu za ta ɗauki Fu'ad, Sadia ta ja baya.

"Bari, Yaya," ta ce. "Ni zan riƙe shi."

Darasin shi ne, mu saurari bayani har ƙarshensa, musamman na lafiyar yara. Abin da ake gwadawa ba a tabbatar da shi ba tukuna, kuma gaggawarmu kan faɗa ne a kan ɗan wani.