Ƙwayar Carbin Malam Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Haladu. Na baya ku matso. Kai ma da ka jingina da ginshiƙi kana shirin gyangyaɗi, daure ka saurara, yau labarin jirgin sama zan ba ku.

Shi Haladu malamin gona ne, irin masu yawo ƙauyuka a kan babur suna nuna wa manoma yadda ake sa taki. Ba mai kuɗi ba ne, ba mai surutu ba ne. Amma Allah Ya jarabce shi da son jirgi. A bayan garinsu akwai wani tsohon filin jirgi mai titin jar ƙasa, inda wasu mutane suka kafa ƙungiya: 'yan kasuwa, malaman makaranta, wani likita. Suka haɗa ƙarfi suka sayi ɗan ƙaramin jirgi mai kujera biyu, suna tashi ranar hutu don sha'awa kawai. Na ga wasunku na murmushi. To, wani ƙwallo ne sha'awarsa, wani kiwon tattabaru, su kuwa nasu ke nan.

Mai koya musu tuƙi wani tsohon matuƙi ne da ya yi ritaya, Kyaftin Sallau. Duk ranar tashi, kafin a taɓa jirgi sai ya zaunar da su a gindin darbejiya, ana shan shayi yana yi musu karatun kiyaye rai. Abin da ya fi nanatawa shi ne: "Kada a bar komai yana yawo a cikin jirgi. A ƙarƙashin ƙafarku akwai wayoyin ƙarfe da ke juya fukafukai. Ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa in ya gangara ya maƙale a nan, za ka ja sandar tuƙi ta ƙi zuwa. A sama kuma babu gefen hanya da za ka tsaya." Haladu ya yi shekaru a gindin darbejiyar nan, ya koya a hankali, har aka ba shi izinin ɗaukar mutum.

To, Haladu yana da uba a ƙauye, Malam Nomau, tsohon manomi. Kuma Haladu ɗan fari ne. Kun san halin mutanenmu na da da ɗan fari. Tun da aka haife shi, uban nan bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa yaba masa a gaban idonsa ba. "Kai" ne, ko "wannan yaron", alhali yaron har furfura ta fara fito masa. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Amma ku da kuke 'ya'yan fari kun san zuciya takan so ta ji, ko sau ɗaya.

Ana nan sai ciwon ido ya kama tsohon, irin wanda gani ke raguwa daga gefe yana tsukewa. Likita ya gaya wa Haladu gaskiya: wannan ba ya warkewa, kuma abin da ya rage ba zai daɗe ba. Da labari ya kai kunnen tsoho, sai ya kira ɗansa ya ce, "Kai, an ce kana hawa jirgi."

Haladu ya ce, "Ina hawa, Baba."

Ya ce, "Gonar nan tawa ta bakin rafi, tun ina yaro nake zagaya ta da ƙafa, ban taɓa ganinta gaba ɗaya ba. In da hali, ina so in gan ta daga sama kafin a kashe mini fitila."

Jama'a, tsohon nan bai taɓa roƙon ɗansa komai ba sai wannan.

Ƙungiyar tana da al'ada, sau ɗaya a shekara, cikin damina lokacin da ƙasa ta yi kore, kowa yakan kawo iyalinsa a zaga da su. A yi girki, a shimfiɗa tabarmi, a yini ana wasa da dariya. Da 'yan ƙungiya suka ji labarin Malam Nomau, baki ɗaya suka ce shi za a fara ɗauka. Har Alhaji Gwadabe, wani ɗan kasuwa mai faɗa amma mai kirki, wanda ya gayyato surukansa daga nesa, ya ce, "Dattijo ne farko. Surukaina su jira, ai tuwo suka fi so."

Ranar ta zo, gari ya waye garau. Tsoho ya iso cikin babbar rigarsa ta salla, wadda ba ta fita daga adaka sai da dalili, carbinsa a hannu yana ja. Tsoro yake ji, amma ba zai faɗa ba. Haladu ya riƙe shi ya taka ya shiga. Yana cikin gyara zama, carbin ya saƙale a ƙarfen kujera, zaren ya tsinke. Ƙwayoyi suka watse a cikin jirgi.

Haladu ya durƙusa ya tsince su ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya shafa kowane lungu da hannu. Ya ƙirga a tafinsa. Carbi mai talatin da uku ne, ɗaya babu. Ya sake dubawa, ya sake ƙirgawa. Ɗaya babu.

Tsoho ya ce, "Me kake nema haka?"

Ya ce, "Baba, ƙwaya ɗaya ce ban gani ba."

Tsoho ya ce, "Ɗaya? Na yafe ta. Tayar mu tafi."

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Ba wanda ya ga tsinkewar carbin nan sai su biyu. Mutane suna can nesa a inuwa suna ɗaga musu hannu. In ya yi shiru ya tayar da inji, mai yiwuwa su je su dawo lafiya, kuma mai yiwuwar ta fi yawa. In ya yi magana, sai an ɗaga daɓen jirgin an duba, makanikin da ke da izinin yin haka kuwa a wani gari yake. Yinin kowa ya lalace, idon uban kuma ba zai jira ba. Shaiɗan ya zo masa da magana mai daɗi, don shi ba ya zuwa da mummuna. Ya ce masa, ai biyayya ga iyaye ce. Ya ce masa, ina tawakkalinka?

Haladu ya dubi mahaifinsa. Ya dubi mata da yaran da ke jiran layi bayansu, waɗanda za su shiga jirgin nan ba su san komai ba. Hawaye suka cika masa ido. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Mu sauka."

Tsoho ya dubi fuskarsa. Ya sauka.

Haladu ya tafi gindin darbejiya, a gaban kowa ya buɗe tafinsa ya faɗi abin da ya faru. Sai Alhaji Gwadabe ya miƙe, ya ce, "Malam Haladu, don Allah fa! Saboda ƙwayar carbi? Abin da ake ambaton Allah da shi ne zai kayar da jirgi? Ka san daga inda surukaina suka taso?"

Haladu ya ce, "Alhaji, na sani. Laifina ne, ni ya kamata in karɓi carbin kafin ya shiga. Ku yafe mini. Amma ba zan iya ɗora mahaifina a kan wataƙila ba, ba zan iya ɗora 'ya'yanka ba."

Kyaftin Sallau ya tashi. Ya je ya rufe ƙofar jirgin ya sa makulli a aljihu. Aka ci abinci ba walwala, aka watse.

Yanzu na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce makaniki ya zo ya ɗaga daɓe, ya tarar da ƙwayar ta maƙale a jikin waya, kowa ya yi salati, Alhaji Gwadabe ya ji kunya. A'a. Ba haka Allah Ya tsara ba. Makaniki ya zo, ya kwance, ya haska, ya lalube, bai ga komai ba. Ya ce jirgi lafiya lau. Kafin a sa wata rana, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, titin jar ƙasa ya zama taɓo, ba tashi sai kaka. Kafin kaka kuwa, idon Malam Nomau ya rufe.

Haladu ya shiga damuwa, har ya rame. Yana zuwa ƙauye, yana jan hannun uban zuwa masallaci, amma ba ya iya ɗaga ido ya dubi fuskarsa. 'Yan ƙungiya kuwa, ba a raba su da tsokana, suka laƙaba masa Mai Carbi. Sai dai tun daga ranar Kyaftin Sallau ya ajiye wani farantin tangaran a kan kujera kusa da jirgi. Duk mai shiga, babba ko yaro, sai ya zazzage aljihunsa a ciki: carbi, goro, makulli, asuwaki. Ana kiransa farantin Haladu.

Da ƙasa ta bushe, wata rana tsoho ya ce, "Kai, jirgin nan ya warke?"

Haladu ya ce, "Ya warke, Baba. Amma yanzu..."

Tsoho ya ce, "Ni na ce maka na fasa?"

Aka buɗe adaka, aka fito da babbar rigar nan, wadda tun ranar ba a sake sa ta ba. Suka iso fili, 'yan ƙungiya duk suna nan. Aka kai tsoho gaban faranti, Kyaftin Sallau ya ce, "Baba, a zazzage aljihu." Tsoho ya sa hannu cikin babban aljihun ƙirjin rigar, ya fito da goro, ya fito da hankici. Ya sake lalubawa can ƙasa. Sai aka ji wani ɗan abu ya faɗa cikin faranti, ƙwal!

Ƙwayar carbin ce. Ashe da ya tsinke, tsalle ta yi ta faɗa aljihunsa. Ba ta taɓa shiga ƙarƙashin daɓen jirgi ba.

Haladu ya tsaya yana kallonta, sai ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Ashe da na tashi ran nan, da ka ga gonarka."

Kun san wanda ya ɗaga shi? Alhaji Gwadabe. Ya kama kafaɗarsa ya ce, "Tashi, Mai Carbi. Ran nan ka san tana aljihu? Ba ka sani ba, ni ma mai baki ban sani ba. Wallahi tun ranar, in 'ya'yana za su hau, kai nake so ka tuƙa su."

Suka shiga, suka sa abin ji da magana a kunne, suka tashi. Da suka kai kan ƙauye, Haladu ya karkata jirgi yana zagayawa, yana faɗa wa uban abin da ke ƙasa, murya na rawa. "Baba, ga rafi nan, ya lanƙwasa ta gabas. Ga tsamiyar kan iyaka. An girbe gero, dammuna suna jere. Dawar ƙasan kwari ba a yanke ba, ta yi ja."

Tsoho ya ce, "Kukar da ke tsakiya fa?"

"Tana nan, Baba. Daga nan 'yar ƙarama ce."

Tsoho ya yi dariya. Can sai Haladu ya ji a kunnensa, "Haladu."

Jama'a, bai taɓa jin sunan nan daga bakin nan ba.

Tsoho ya ce, "Haladu, daina kuka, ka kula da tuƙinka. Gona na san ta, ƙafata ta haddace ta. Ran nan da ka ce mu sauka, idona yana gani, na dubi fuskarka da kyau. Na ce a raina, ashe na haifi mutum. Wannan na gani da idona kafin ya rufe, kuma ya ishe ni. Allah Ya yi maka albarka."

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Amana ba a auna ta da yadda abu ya ƙare. Ana auna ta da abin da ka sani a lokacin da ka yanke shawara. Haladu bai ceci kowa daga haɗari ba, don babu haɗarin. Amma ya yi daidai, kuma ko da zai sake, haka ya kamata ya yi. Tawakkali kuma ba shi ne ka rufe ido a kan abin da ka gani ba. Ka gyara abin da ke hannunka, sannan ka bar wa Allah abin da ba ya hannunka.

Ba wanda ke da jirgi a cikinmu, na sani, ni ko keke sai na ara. Amma kai direba, da ka ji birki ya yi laushi tun safe ka ce bari in yi sawu ɗaya tukuna, ƙwayar carbinka ke nan. Kai magini da ka ga tsaga a bango ka shafe ta da siminti kafin mai gida ya zo. Kai mai gida da ka ji warin gas a kicin ka ce gobe a duba. Kalmar nan ta "ba komai" ta kai mutane da yawa maƙabarta, kuma galibi ba mai faɗinta ake ɗauka ba. Ka faɗa, ko za a yi maka dariya, ko za a ce ka ɓata wa mutane yini. In wani a cikinku ya faɗa kuma, kada ku sa shi ya yi nadama, ko da an duba ba a ga komai ba.

Ku iyaye kuma, ina da ƙaramin roƙo. Kunya ado ce, ban hana ba. Amma in ɗanka ya yi abin kirki, gaya masa tun kana da baki, tun yana da kunne.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar rayukan da ke hannunmu, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Ku ce amin. Kai na jikin ginshiƙi, na ga ba ka yi barci ba yau, Allah Ya yi maka albarka kai ma.