Gizo, Gara da Azarar Ɗaki

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku 'yan bakin murhu."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mun kasa kunne."

To, Gizo ne dai, kun san shi. Tun da ya auri Ƙoƙi bai taɓa aza tubali a kan tubali ba. Yana zaune a gidan surukinsa, ya ci tuwonsu, ya miƙe a tabarmarsu. In ya fito zaure sai mutane su yi ƙasa da murya, shi kuwa ya san da shi ake.

Rannan surukin ya kira shi ya ce, "Gizo, ga filina can bayan gari, ka zaɓi inda ya yi maka ka gina naka. In ruwan fari ya sauka ba ka da ɗaki, 'yata za ta zauna a nan, kai kuma ka san inda za ka nufa."

Gizo ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba." A ransa kuwa cewa yake, tsohon nan me ya gani a filin da yake neman kai da shi? Halinsa ke nan. Ko gaishe shi ka yi, sai ya shafa aljihunsa.

Ya je filin ya tarar da wani kwari mai ƙasa da laushi, ba wahalar haƙa. Ya soma shata ɗaki da ƙafa. Sai ga Kwaɗo.

"Sannu da aiki, Gizo. Nan za ka gina? Nan fa muke wanka da damina, ni da 'ya'yana. Hau tudun can. Kafin ka haƙa harsashi, fara sanin inda ruwa ke bi."

Gizo ya ce, "Na ji."

Kwaɗo na ba da baya sai wata 'yar siririyar murya ta fito daga ƙarƙashin ƙasa. "Gizo, ni ce Gara, maƙwabciyarka. Ni ba na shiga maganar mutane. Amma ka tambayi kanka, me ya sa Kwaɗo yake son ka bar wurin nan?"

Gizo ya ce, "Wallahi abin da nake ta juyawa ke nan."

"Wuri mai sanyi haka, wa zai so wani ya riga shi?"

Gizo ya ji daɗi har cikin ransa, yau ya sami mai hankali irin nasa. Ya haƙa harsashi a tsakiyar kwarin.

Ya kwaɓa ƙasa ya shiga aza gini, layi bisa layi, ko hutawa babu. Sai ga Zanzaro, wanda gini ne gadon gidansu. Ya taɓa bangon ya ji shi jagab.

"Haba Gizo, ina ciyawar? Ai sai ka zuba ciyawa a ƙasar, ka tattake, ka bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Kuma in ka aza layi, ka bari ya sha rana kafin ka ɗora wani."

Gizo ya ce, "Na ji."

Zanzaro na tashi, Gara ta leƙo. "Jinkiri yake so ka yi, ruwa ya same ka ba rufi. Ni dai ban ce komai ba, amma na ga ya gaida Ƙoƙi a bakin rijiya, gaisuwar ta ɗan yi tsawo."

Kishi ya kama Gizo. Ya ƙara sauri, yana ta jibga ɗanyar ƙasa a kan ɗanya, yana harar duk wanda ya wuce.

Da bango ya kai, sai zancen rufi. Jemage, wanda ya ƙare rayuwarsa yana rataye a rufin mutane, ya zo ya ce, "Gizo, kada ka yi wasa da azara, ita ke riƙe da ƙasar da za ka kwana a ƙarƙashinta. Nemi giginya wadda ta tsufa, ka tsaga. Tana da wuyar sara, amma ita kaɗai na sani da ba abin da ke cin ta."

Gizo ya ce, "Na ji."

Wannan karon ma bai jira ba, shi ya durƙusa ya kira Gara. Ta ce, "Giginya? Ka ga tsawonta kuwa? So yake ta faɗo maka a ka, ya gaje ɗakin. Ga ceɗiya nan kusa, taushi kamar dafaffen rogo. Sare ta ɗanya ka aza." Tana faɗa tana haɗiyar miyau, amma Gizo bai lura ba, yana can yana harar bayan Jemage.

Da Ƙoƙi ta kawo masa fura ta ji labari, sai ta ce, "Maigida, wannan maƙwabciyar taka da ba ta fitowa rana, me take ci?"

Gizo ya ajiye ludayi ya dube ta. "Au, ke ma sun saye ki?"

Ƙoƙi ta ɗauki ƙwaryarta ta koma gida.

Aka rufe ɗaki, aka tare. Ƙoƙi ta yi jerenta na ƙore da tasoshi, Gizo yana ta yawo a gari yana cewa shi bai nemi shawarar kowa ba. Ba a jima ba Ƙoƙi ta fara jin ƙus-ƙus a saman kanta. Wani gari-gari yana zubowa, har cikin miya. Ta gaya wa Gizo, ya ce baƙin cikin Jemage ne. Ya je ya tambayi Gara. Ta amsa da ƙyar, bakinta cike, ta ce, "Ba komai, sabon ɗaki ne yake zama."

Ran nan da la'asar hadari ya taso daga gabas. Ruwa ya sauka, duk na tudu ya gangaro kwari ya shigo ta ƙofa ba sallama. Bango ya jiƙe daga ƙasa ya fara durƙusawa. Gizo ya ɗaga kai, sai ya ga azara ta lanƙwashe, cikinta fayau, ɓawo kawai ya rage. Da ƙyar suka fita, rufin ya rufto a kan jeren Ƙoƙi.

Ƙoƙi ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tsinci ƙwarya ɗaya da ta tsira, ta kifa a ka, ta kama hanyar gidan ubanta.

Gizo ya tsaya cikin taɓo yana kira, "Gara, fito ki ga abin da ya same ni."

Muryar ta fito daga cikin tarkacen, a ƙoshe. "Na gani, maƙwabci. Ni dai ɗakin ya yi mini. In za ka sake wani, ceɗiyar dai."

Sai a nan Gizo ya gane wadda ta cinye masa azara. Ya bi sawun Ƙoƙi har ƙofar gida, ya ji muryar surukinsa a zaure, kunya ta hana shi sallama. Sai ya zagaya ya hau katanga, ya lallaɓa ya maƙale a kusurwar rufi. Daga can yana hangen Ƙoƙi tana tuƙa tuwo, ba halin ya sauko, ba halin ya kira sunanta. Har yau a can yake, a kusurwar ɗakin wasu, in an gan shi a sa tsintsiya.

To kun ji, jikokina. In za ku gina naku, ku saurari wanda ya gaya muku abin da zai wahalar da ku yau, ko da bai yi muku daɗi ba. Wanda kuwa ya zo yana hura muku zargin kowa, shi za ku fara zargi.

Ƙungurus kan kusu, na sauke ta nan, kowa ya kaɗe tabarmarsa.