Zanen Ruwa a Jikin Turken Inna Norsiah

Akwai wani ma'aikacin ƙaramar hukumarmu a nan kudancin tsibirin Kalimantan, sunansa Syahrani. Aikinsa shi ne ya je ya ga fili da idonsa kafin a ba mutum takardar izinin cike shi da ƙasa. In tudu ne ya sa hannu. In fadama ce mai riƙe ruwa, doka ta ce sai dai a yi gini a kan turaku, kamar yadda iyayenmu suka yi.

Sai ga Haji Bahran, mai rumbunan shinkafa, ya kawo takarda. Yana son cike filin da ke bayan wata unguwa ya jera shaguna. Wayon da ya yi, sai da rani ya kai ƙarshe ya sa aka ɗauki hotuna. Ƙasa ta bushe ta tsattsage, har da ragar ƙwallo a tsakiya.

Shugaban ofis ya tura wa Syahrani takardar ya ce, "Sa hannu kawai. Ga hoto, me za ka je gani?"

"Yallaɓai, bari dai in leƙa."

"Leƙa mana. Amma ka sani Haji ba ya son jira, ni kuma ba na son a kira ni daga sama."

Ni da nake da ɗa mai aikin ofis, na san nauyin irin wannan maganar. Matar Syahrani tana da tsohon ciki a lokacin, kuma albashin nan shi ne abincinsu.

Ya hau babur ya je. Filin kuwa a bushe yake ƙamas. Amma ya lura da abu ɗaya: kowane gida akwai kwalekwale kwance a ƙarƙashinsa, an ɗaure igiyarsa can sama.

Wata tsohuwa mai saƙar tabarma, Inna Norsiah, tana zaune a inuwar gidanta. Ya gaishe ta ya ce, "Inna, me kwalekwale yake yi a tudu?"

Ta ce, "Hutawa yake, kamar ku 'yan ofis. Zo ka gani, ɗana."

Ta nuna masa turken gidanta. An zazzana shi da wuƙa, zane a kan zane. Ta ce mijinta ne ya fara, bayan ya rasu ita ta ci gaba. Kowace damina, inda ruwa ya tsaya nan ake zanawa. Syahrani ya tsaya a jikin turken. Zane bakwai sun wuce kansa.

"In aka cike can, Inna, ina ruwan zai je?"

"Ɗakina. Ai bai san wani gida ba."

Suna cikin haka sai ga tifa uku ɗauke da jar ƙasa, Haji Bahran a gaba cikin motarsa. Ya fito yana dariya.

"Malam mai dubawa, ka gama duba ƙurar? Ga alƙalami."

"Haji, wannan fadama ce."

"Fadama? Taka ka ji. Ko ka ga kifi yana ƙwallo a ciki?"

"Don Allah zo ka tsaya a jikin turken nan."

Fuskar Haji ta sauya. Ya ce, "Ni zan tsaya a ƙarƙashin gidan mai tabarma kamar agwagwa? Yaro, kujerar da kake kai, na ga mutum huɗu sun zauna sun tashi."

Duk da haka Syahrani ya koma jikin turken. Ya ɗauki hotonsa, ya rubuta a rahotonsa cewa fadama ce, ya sa hannu a kan hakan.

Sati bai cika ba aka ɗauke shi daga aikin, aka mayar da shi ɗakin ajiye tsofaffin takardu. Matarsa ta yi kuka ta ce, "Kai kaɗai ne mai gaskiya a garin?" Sai dai rahoton ya riga ya shiga, kuma shugaban ya ji tsoron sa hannu a kan abin da ya saɓa masa. Izini ya tsaya.

Haji bai haƙura ba. Ya sa aka juye tifa goma a bakin filin, ta wajen rumbunsa, wai a fara kafin takarda ta fito. Ashe nan ce hanyar da ruwa yake bi ya shiga fadamar.

Damina ta sauka da ƙarfi. Kwana huɗu ana yi. Mutanen unguwar suka ɗaga katifu, suna zura sanda ta tsakanin katakon daɓe suna auna ruwa. Ya rage taƙi ɗaya ya taɓa daɓen, ya rage yatsa uku. Sannan ya tsaya, domin sauran fadamar ta shanye shi.

Ruwan da ya tarar da tudun jar ƙasa kuwa, sai ya juya ya shige rumbun Haji. Buhunan shinkafar da ke ƙasa duk suka jiƙe suka fara tsiro.

Ko da ruwan ya ɗan ja, mota ba ta shiga, dole Haji ya nemi kwalekwale don ya je rumbunsa. Na Inna Norsiah ya samu. Ta tuƙa shi, amma ta biya ta ƙarƙashin gidanta, sai da ya sunkuya. Ta miƙa masa wuƙa.

"Haji, hannuna ya tsufa. Zana mini na bana."

Ya daɗe yana kallon turken. Sannan ya zana, sama da duk na baya.

Har yau Syahrani yana ɗakin takardu, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ranar sunan 'yarsa, mutanen unguwar sun zo da tabarma goma sha biyu da agwagi, gidan bai ɗauke su ba.

Darasi: Kada ka sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba, domin a bayan takardar akwai ɗakin kwanan wani. Kuma kada ka raina ilimin tsohuwa don ba a ofis aka rubuta shi ba. Ku tura wa 'ya'yanku masu aikin hukuma su karanta.