Ranar da Gado Ya Bi Bayan Habi

Akwai wani dattijo mai suna Gado a wani ƙauyen Hausawa can gaba da Damazin a ƙasar Sudan. Mutumin kirki ne, sai dai gaggawa kamar wanda ya baro tukunya a wuta. Shekara arba'in da aurensa da Habi, kullum yana gaba tana baya, ko waiwaye ba ya yi.

Da aka ƙara wa madatsar ruwan yankin tsawo, ruwa ya cinye tsohon ƙauyensu. Abin da ya rage sai kan kukar ƙofar gidan mahaifinsa, ita ma sai an hau wani ɗan dutse ake hango ta. Ga shi yanar ido ta kama Gado. Ya ce sai ya ga kukar nan kafin idon ya rufe gaba ɗaya.

Da hantsi suka kama hanya. Dutsen, wanda suke kira jabal, ba wani babba ba ne, awaki ma da wasa suke hawansa, amma gwiwoyin Habi sun tsufa.

"Malam, jira ni mana," in ji ta.

"Ke dai taho, jabal ɗin ga guda nawa ne?"

Ya haye shi kaɗai yana haki. Ya duba gabas, ya duba kudu, bai ga komai ba sai fari fat, ruwa da sama sun haɗe. Zuciyarsa ta karye. Sai a lokacin ya waiwaya.

Ya sauko ya tarar da ita zaune tana matsa gwiwa.

"Ka gan ta?"

"Ban ga komi ba, Habi."

"To halas, shi ke nan, kama hannuna."

Ya karɓi takalmanta, ya sa ta a gaba. In ta tsaya ya tsaya. Sau bakwai suka huta, sarkin gaggawa yana jiran ta.

Da suka kai sama ta kama kafaɗarsa ta juya shi. "Ba can ba, nan. Ga balbelu uku bisanta. Reshen da ka ce ka faɗo kana yaro ma yana nan."

Gado ya ƙura ido. "Na ga wani ɗan baƙi-baƙi."

"Ita ce."

Hawaye suka zubo masa, ya yi wa mahaifinsa addu'a.

Da la'asar mutanen ƙauye suka ga abin da ba su taɓa gani ba: Habi a gaba, Gado a baya, takalmanta a hannunsa.

Darasi: Kada ka yi wa abokin tafiyarka gaggawa, wataƙila da idonsa za ka ga abin da ka fito nema. Ku tura wa duk mai gidan da ya manta da waiwaye.